Kwanon da Ko Hankaka Bai Sani Ba

"Malam ya ƙwanƙwasa kowace ƙofa a tsibirin nan, tasa ce kaɗai bai taɓa ba."

Bo-ra tana tsugune a ƙofar gidan abincin, tana laluben takalman kakanta a cikin tulin takalma, ta ji wannan magana. Farfesa Yang ne ya faɗe ta, babban ɗalibin kakan nata, wanda yanzu shi ke kan kujerar da tsohon ya bari a jami'a. Ya ɗan sha giya, kunnuwansa sun yi ja. Abokinsa ya zungure shi, ya nuna masa yarinyar da ido. Farfesa Yang ya yi tarin ƙarya, ya ce, "Af, 'yar gidan Malam! Kin ci kin ƙoshi?"

Ta sunkuyar da kai ta ce ta ƙoshi. Ba ta ƙara komai ba. Dama ita ba mai ƙarawa ba ce.

Walimar cikar Farfesa Bu Sang-gil shekara tamanin aka yi ranar. Tsofaffin ɗalibansa sun zo daga ko'ina, wasunsu har sun fi shi furfura, suka yi layi suka rusuna masa goshi a ƙasa. Kowa ya tashi sai ya ba da tarihinsa, kamar shi ba ya wurin. Wai ɗan ƙauyen gindin dutse ne a nan tsibirin Jeju na Koriya, yana ƙaramin yaro aka ƙone ƙauyen nasu a shekarar kashe-kashe, uwarsa ta rene shi ita kaɗai da noman gero. Wai ya tafi Seoul karatu da riga ɗaya, ya dawo ya samu koyarwa, ya yi shekaru yana rubutu a kan sarakunan da da fadawan da aka koro tsibirin, mutanen da suka daɗe da zama ƙasa, ba mai jin haushin a tono su. Sai rana ɗaya, lokacin da ambaton shekarar kashe-kashe ke iya kai mutum ɗakin duhu, ya rataya rakoda a kafaɗa ya shiga ƙauyuka. Aka hana shi shugabancin sashe. Aka sa mutum yana bin sa har wurin aski. Bai fasa ba. Tsofaffin da suka yi rabin rayuwarsu baki a rufe suka buɗe masa, ya tono sunayen mutanen da har 'ya'yansu sun daina ambata.

Wani ya ce, "Mu kuwa mu ne jakunan ɗaukar kaset!" Aka fashe da dariya. Kaka ma ya yi dariya, amma Bo-ra ta lura sai da ya ga ana yi sannan ya yi.

Ita ke zaune da shi. Da ta gama sakandare ba ta ci jarrabawar jami'a ba, ba ta kuma nemi sake zama ba. A gidan babban farfesa wannan abu ne da ake faɗa da ƙaramar murya. Da kakarta mace, wadda take kira Iya, ta kwanta ciwo, sai aka ce to tunda Bo-ra ba ta komai, ta je ta taya su zama. Ta zo, Iya ta rasu, ita kuma ta zauna. Da safe tana zuwa tsinkar lemo a gonar maƙwabta, da rana ta dawo ta girka musu. Gidan ya yi mata daidai, domin babu mai tambayarta me take shirin yi da rayuwarta.

Kafin Iya ta rasu ta kira ta, ta riƙe mata wuyan hannu.

"Sikge ɗin gidan nan duk kin san su."

Ta san su. Ranar da wani na gida ya cika shekara da rasuwa, a girka masa abinci a jera a tebur, a rubuta sunansa a farar takarda a jingine, a rusuna masa, a bar ƙofa a buɗe ya shigo ya ci. In an gama a ƙone takardar, a gutsuro kaɗan daga kowane kwano a watsa a kan rufi, hankaki su sauko da safe, unguwa ta san gidan Bu sun ciyar da nasu.

Iya ta ce, "Akwai guda ɗaya da ba ki sani ba. Ran tara ga watan sha ɗaya, lissafin wata. Kwano ɗaya na shinkafa, kwano ɗaya na miya, sai gasasshen dankali. A ƙaramin ɗakin baya, bayan rana ta faɗi. Ba takarda. Ba a watsa komai a rufi. Ko hankaka kada ya sani."

"To, Iya."

"Kada ki gaya wa gwaggonki. Bakinta ba ya riƙe ruwa."

"To, Iya."

Tambayar tana kan harshenta. Ta ga yadda Iya ke numfashi da ƙyar, ta haɗiye ta. Daga baya ta gane ko ta yi ba lalle ta samu amsa ba, domin Iya ta ƙara da cewa, "Ni ma haka surukata ta bar mini. Ban tambaya ba."

Shekarar farko ta yi yadda aka ce. Kaka ya sa baƙar kwat ɗinsa ta zuwa taro, ya shiga ɗakin bayan, ya soke cokali a tsakiyar shinkafar, ya rusuna sau biyu. Ita tana tsaye a waje, iska na kuka ta ramukan katangar baƙin dutse. Da ya fito ta shiga kwashe kwanuka, sai ta ga cokalin ya karkata gefe. Ta ce wa kanta shinkafar ce ta yi laushi.

Mantuwar ta fara ne da ƙananan abubuwa. Ya sa tabarau a firji. Ya tsaya a tsakar gida da kwat da jaka yana jiran motar jami'a, shi da ya bar aiki tun tana 'yar ƙarama. Amma in aka taɓo tarihi sai ya miƙe kamar an kunna shi. Da rana yakan shiga ɗakin karatunsa ya sa kaset, muryoyin tsofaffin da suka mutu su cika gidan, suna tari, suna kuka, suna cewa a kashe abin nan, shi kuma yana amsa musu daga kujera, "Haka ne, Inna. Sai kuma me ya faru?" Bo-ra tana kicin tana yanka albasa tare da su. Har ta san wasunsu da murya.

Bayan walimar da 'yan makonni, wata yamma sanyi ya sauko, ta ɗauki tsohuwar rigar aikin Iya, irin jar nan mai kauri da ake rinawa da ruwan ɗanyen 'ya'yan itace, ta sa, ta ɗaure gashinta baya. Tana juye dankali a kwando sai ta ji shi a bayanta.

"Yaya."

Muryar ba tasa ba ce. Wato tasa ce, amma ta sirance, ta koma sama.

"Yaya, kin dawo?"

Ta juyo. Yana tsaye a bakin ƙofa, hannunsa ɗaya riƙe da ƙyaure, yana kallonta kamar yaron da aka bari a gida tun safe.

Ta ce, "Kaka, ni ce. Bo-ra ce."

Abin da ya biyo baya ba ta son tuna shi. Fuskarsa ta rushe. Ya ture ta ya fita tsakar gida ba takalmi, ya leƙa rumbu, ya leƙa bayan randuna, ya fita titi yana kiran Yaya, Yaya, har maƙwabta suka leƙo. Da ƙyar ta dawo da shi. Ya zauna a dandamali yana kuka irin na yara, da majina, da shessheƙa, ya ƙi abinci har washegari.

Don haka da ya sake, ba ta gyara masa ba.

"Yaya."

"Na'am."

Shi ke nan. Ya zauna kusa da ita, ya kwantar da hankali, ya ci abinci har da ƙari. Tun daga ranar kusan kullum in rana ta yi ƙasa sai ta zama Yaya. Ba ta san wace ce take zama ba. Ƙane ba ya kama sunan yayarsa, ko a hayyacinsa ko a ruɗe, don haka sunan bai taɓa fitowa ba. Yaya kawai. Wani lokaci in ta amsa sai ta ji kamar wata ce ta amsa ta bakinta.

Gwaggo Mi-suk ta sauka daga Seoul da akwati mai taya da ledojin magani. Tun daga ƙofa ta fara.

"Kai, wannan gida! Warin kaset da tsufa. Ke kuma kurma, har yanzu ba ki koyi gaisuwa da ƙarfi ba? Baba, ka rame. Me take ba ka, iska?"

Kaka ya ce, "Tana ba ni shiru. Ke ba ki taɓa ba ni ba."

"Ka ji shi! In zagina ne ba ya mantuwa."

Da ya shiga barcin rana, Gwaggo ta zaunar da Bo-ra a kicin, ta ɓare lemo tana magana. Ta ce ta je wurin likita da hotunan ƙwaƙwalwarsa. Abin ba zai tsaya ba, gaba zai yi ta yi, kuma da sauri. Bayan sabuwar shekara za ta tafi da shi Seoul, akwai gidan kula da tsofaffi kusa da ita. Kaset da littattafai jami'a za ta kwashe. Gidan a rufe.

"Sikge fa?" in ji Bo-ra.

"Oho, ashe kina magana. Na gama da wannan. Za a haɗe su duka rana ɗaya, a kai wurin ibada su riƙa yi mana. Kowa haka yake yi yanzu. Wa zai hau jirgi sau biyar a shekara don ya dafa wa matattu kifi? Suna kawai suke so. Duk mai suna a ba su, shi ke nan."

Duk mai suna. Bo-ra ta dubi ƙofar ɗakin baya.

"Gwaggo, Kaka yana da 'yar'uwa?"

"Wace irin 'yar'uwa? Shi kaɗai ne wurin uwarsa, kowa ya sani. Shi ya sa aka lalata shi, ko ƙwai bai iya soyawa ba. Me ya kawo wannan?"

"Ba komai."

"Ke kullum ba komai. Ran da za ki yi aure ma in aka tambaye ki sai ki ce ba komai."

Gwaggo ta koma bayan kwana biyu. Da za ta fita ta tsaya ta gyara wa uban nata wuyan riga, ta daɗe tana gyarawa, wuyan rigar da ba abin da ya same shi.

Farfesa Yang ya zo da kwalaye don kwashe kaset. Ya rusuna wa Kaka, Kaka ya dube shi sama da ƙasa.

"Yang, har yanzu ba ka gama babi na uku ba?"

"Malam, na gama shi tun kafin a haifi wannan yarinyar."

"To ban gani ba. Kuma ka yi ƙiba. Masanin tarihi da tumbi, alamar ya daina yawo ke nan."

"Na tuba, Malam."

Bo-ra ta taya shi jera kaset a ɗakin karatu. Ta daɗe tana juya maganar a ciki kafin ta fito, kuma da ta fito ba wadda take so ba ce.

"Farfesa, yaya Kaka yake sa su yi magana?"

Ya ajiye kaset ɗin hannunsa. "Tsofaffin? Ai shi ne abin da ya fi kowa. Mu in mun je sai mu ce, Baba, wa aka kashe muku? Sai tsoho ya tashi ya ce zai duba akuya, ba ya dawowa. Malam ya kusa marina a kan haka. Ya ce ba a shiga ta nan. Shi sai ya zauna, ya sha ruwan da aka ba shi, ya yabi katanga. Can sai ya ce, ranar nan da safe, me kuka ci? Shi ke nan. Mutum ya tuna abin da ya ci, sai ya tuna wa ya dafa, wa ya zauna kusa da shi, wa bai gama cin nasa ba. Suna kuwa sai can ƙarshe. Ya ce suna shi ne ƙofar ƙarshe, in ka fara da ita a rufe take, in kuma ka tafi ba ka taɓa ta ba, to zuwan banza ka yi."

Ya dube ta ta saman tabarau. "Kin ji abin da na faɗa ran walima ko?"

Ta gyaɗa kai.

"Giya ce. Amma ba ƙarya ba ce. Ƙauyensu ne kaɗai bai taɓa kai mu ba. Na taɓa ce masa mu je, ya yi wata guda bai yi mini magana ba." Ya rage murya, ko da yake ba kowa. "Ku yaran yanzu ba ku san lokacin ba. Kafin a ba mutum aikin gwamnati, ko koyarwa, ko fasfo, sai an binciki gidansu. In aka samu wani naka ya hau dutse a shekarar nan, ko da abinci ya kai wa waɗanda suka gudu can, to an shafa maka ja, an ce kai ɗan tawaye ne. Kai da 'ya'yanka. Akwai gidajen da suka share mutum ɗungurungum don sauran su rayu. Ban ce haka aka yi a nan ba. Ban sani ba. Ni ɗalibi ne, akwai abin da ɗalibi ba ya tambayar malaminsa."

Ya ɗaga kwali ya nufi ƙofa, ya tsaya. "Jika kuwa ban sani ba."

Da motarsa ta tafi gidan ya yi shiru irin wanda bai taɓa yi ba. Ba tari, ba kukan tsofaffi. Kaka ya shiga ɗakin karatu ya tarar da kantoci wayam, ya zauna a kujerarsa, ya ce wa bango, "Haka ne, Inna. Sai kuma me ya faru?"

Kwanakin da suka rage kafin ran tara, Bo-ra ta yi ta auna abin. Da safe yana cikin hayyacinsa, Farfesa Bu ne sosai, amma da safen ne ba zai faɗa ba. Ta gwada sau ɗaya, ta ce, "Kaka, sikge ɗin ɗakin baya ya kusa." Ya dube ta da idon da yake kallon ɗaliban da ba su yi karatu ba, ya ce, "Ki sayo dankali mai kyau," ya buɗe jarida. Da yamma kuwa ƙofar a buɗe take, amma da yamma ita ce Yaya, kuma wa zai tambayi ƙanensa sunan kansa? Sai dai ta fito ta ce ba ita ba ce. Ta ga abin da hakan ya yi masa sau ɗaya. In ta yi shiru, zai tafi Seoul da Yayarsa a zuci, hankali kwance, har ranar da ita ma za ta goge. Sannan kwanon ya tsaya. Ba wanda zai san an taɓa yin wata.

Ita kuma shiru ba ya yi mata wuya. Shi ne abin da ta fi iyawa a duniya.

Ran tara aka tashi da yayyafin ƙanƙara. Ba ta je gona ba. Ta wanke shinkafa, ta dafa miyar ganyen teku, ta binne dankali a garwashi. Da la'asar ta shiga ɗakin karatu ta ɗauko farar takarda irin ta sikge, ta yanka ta tsaye, ta ɗauko alƙalami da tawada, ta ɓoye su ƙarƙashin ƙaramin teburin ɗakin baya. Sannan ta sa jar rigar Iya.

Rana na faɗuwa ya fito da baƙar kwat, maɓallan a karkace. Wannan ranar bai manta da ita ba, shi da ya manta ko ya ci abincin rana. Ya shiga ɗakin baya, ya ga tebur a jere, tururi na tashi daga kwano ɗaya. Ya soke cokali. Ya juyo zai rufe ƙofa sai ya gan ta, domin wannan karon ba ta tsaya a waje ba.

Ya dubi kwanon. Ya dube ta.

"Yaya. Ga abincinki."

Ta zauna a ƙasa, shi ma ya zauna, ya naɗe ƙafafu kamar yaro.

Ta ce, "Sang-gil." Ba ta taɓa kama sunansa ba tunda aka haife ta. Ya yi mata nauyi a baki. "Ranar nan da safe, me muka ci?"

Ya yi murmushi. "Kin manta? Dankali. Ke kika gasa a bakin kogo, Inna tana faɗa wai hayaƙi zai tona mu. Guda uku ne. Kika ba ni babban."

"Sai kuma me ya faru?"

"Kika ɓare mini, don da zafi. Kika ce in ci a hankali, in na gama kin dawo." Ya dubi hannunsa. "Kika ɗaure sauran biyun a zane, wai za ki kai wa Baba can sama, ya kwana biyu bai ci ba. Inna ta riƙe miki riga. Kika ce ke yarinya ce, ba mai kula ki."

Iska ta turo ƙofar, ta ɗan buɗe. Ba wanda ya tashi ya rufe.

"Na ci a hankali, Yaya. Da gaske a hankali na ci. Har ya huce. Har ɓawon na cinye." Ya kalli dankalin da ke kan tebur. "Muka ji ƙarar bindiga ta wajen rafi. Inna ta toshe mini kunne. Da ƙanƙara ta narke ta je ta duba, ba ta samu komai ba sai zanen."

Bo-ra ta ji hawaye na bin wuyanta, ba ta share ba. "Sai kuma me ya faru?"

"Baba an ce a gona ya mutu, kowa ya yarda. Ke kuwa an gan ki kina hawa da ƙunshi. Inna ta ce daga yau babu ke. Ta sa na maimaita. Mu nawa ne? Ni kaɗai ne. Mu nawa ne? Ni kaɗai ne." Yana faɗa yana kaɗa kai kamar mai hadda. Sai muryar ta sauko, ta yi kauri, ta koma kusa da ta Farfesa. "Da za su ɗauke ni a jami'a, mutum biyu suka zo. Suka sha shayi. Suka ce, Malam Bu, ku nawa ne wurin mahaifiyarka? Ko gezau ban yi ba. Suka ba ni aikin."

Tururin shinkafar ya fara raguwa.

"Daga baya an daina binciken. Na san an daina. Na shiga gidajen mutane na ce musu ku faɗa, ba abin da zai same ku, ku faɗi sunan. Suka faɗa. Ni kuwa kullum sai in ce bari in gama na wannan ƙauyen tukuna." Ya matso ya kama bakin hannun rigarta da yatsu biyu. "Ba ki yi fushi ba ko? Ai kin dawo. Tunda kin dawo ba sai an faɗa ba."

Ga shi nan, ya ba ta hanya. In ta ce ban yi fushi ba, sai ya rusuna sau biyu, su kwashe kwanuka, ya yi barci mai daɗi. Kalma huɗu ce, kuma har ta ji su suna haɗuwa a bakinta, da wata murya mai taushi da ba ta tabbata tata ba ce. A kan tebur cokalin ya fara karkata, a hankali, yana zamewa cikin shinkafar.

A waje, kan katanga, wani hankaka da bai tafi kwana ba ya yi kuka sau ɗaya.

Bo-ra ta zare hannunta daga nasa. Ta kwance ɗaurin gashinta ya zubo. Ta cire jar rigar ta ninke ta, ta ajiye kusa da kwanon, ta rage daga ita sai rigar sanyinta ta makaranta mai tambari a ƙirji. Ta ga idonsa ya fara rawa, ya bar fuskarta ya koma kan rigar, ya dawo. Leɓensa na ƙasa ya soma karkarwa irin ta ranar da ya fita titi yana kiran Yaya.

Ta jawo takardar daga ƙarƙashin tebur ta shimfiɗa a gabansa. Ta tsoma alƙalamin a tawada, ta sa masa a hannu, ta rufe hannun da nata biyu don kada ya tashi.

"Kaka, ba ta dawo ba. Ni ce Bo-ra, jikarku." Muryarta ta fito da ƙarfin da ita kanta ba ta san tana da shi ba. "Yayar taku, mene ne sunanta?"